Toka, hoda ko allura: wanne ya dace da ƙwarƙwatar kajin gida?

Duk mai kaji a tsakar gida, daga Birnin Kebbi har ƙauyukan Argungu da Bunza, ta san wannan hali. Ana zuba dusa da gero, kaza tana ci, amma ba ta kumari. Sai ka ga ta tsaya tana tsattsage jikinta da baki, ta ɗaga ƙafa ta sosa wuya, gashin gindi ya fara zubewa, ƙwai ya ja baya. Daga nan shawara ke fara zuwa ta ko'ina. Maƙwabciya ta ce a shafa toka. Yaro ya dawo daga kasuwa da kwalbar fiya-fiya. Mai shanu ya ce ai allurar da yake yi wa dabbobinsa ita ce maganin abin. Kowannensu da zuciya ɗaya yake faɗa. Abin da ba a cika tsayawa a tambaya ba shi ne, wane ƙwaro ne ke cin kazar, kuma a ina yake kwana? Amsar wannan ita ke nuna inda ya kamata kuɗi da wahala su tafi, domin abin da ke kashe ƙwaron da ke zaune cikin gashi ba ya isa ga wanda ke ɓuya a tsagar bango.

A kama kazar a duba tukuna

Bayan magariba ne lokacin, sa'ad da kaji suka shige akurki suka natsu, ba sai an yi tsere da su a tsakar gida ba. A riƙe ƙafafu da hannu ɗaya, a kwantar da ita a cinya, wani ya haska tocila. Wuri uku ake buɗawa: gashin da ke kewaye da dubura, ƙarƙashin fiffike, sai wuya da kai. In ƙwarƙwata ce, ba ta wuyar gani. Girmanta kamar ƙwayar riɗi, milimita 2 zuwa 3, launinta na busasshen kara, kuma da haske ya sauka a kanta sai ta ruga ta shige cikin gashi. Abin da ba ya gudu shi ne ƙwanta. Fari ne, curi-curi, manne a gindin gashi daf da fata, ko an hura ko an karkaɗe ba ya faɗuwa sai an kankare da farce. Kazar da abin ya ci ƙarfinta, za a ga gindin gashin ya yi fari fat, fatar wurin ta yi ja, ga ɓawon ƙananan gyambuna.

Ƙwarƙwatar kaza ba ta tashi, ba ta tsalle. Ta bambanta da ta kan mutum mai tsotson jini: ita bakinta na tauna ne, abincinta gashi da ɓarɓashin fata, ko da yake wadda ke zama a jiki takan gwigwiyi sabon gashi mai tsirowa har ta kai ga jini. A jikin kaza take saka ƙwai, a nan yake ƙyanƙyashewa cikin kwana 4 zuwa 7, kuma cikin kamar mako 3 wadda aka ƙyanƙyashe ta isa saka nata. In ta faɗo ƙasa ta rasa ɗumin jikin kaza, da wuya ta wuce mako guda da rai. Ba ta zama a jikin mutum. Ta hanyar goguwa take yaɗuwa: a kwandon ɗan kasuwa, a kan sandar kwana, daga zakara zuwa kaza, daga uwa zuwa 'yan tsaki.

Abu biyu ke fitowa daga nan. Yaƙi da ƙwarƙwata a jikin kaza ake yinsa, feshin ɗaki kaɗai ba ya gama da ita. Sannan kusan duk magungunan da muke samu ba sa kashe ƙwan. A kashe manyan yau, bayan kwana biyar sababbi sun fito. Shi ya sa kowane magani aka zaɓa, sai an maimaita bayan kwana 7 zuwa 10, lokacin da ƙwan ya ƙyanƙyashe amma 'ya'yan ba su isa saka nasu ba. Yawancin masu cewa "na sa magani bai yi ba", sau ɗaya suka sa.

In kuwa an buɗe gashi ba a ga komai ba, ga kaza ta rame, zankonta ya koɗe, to a duba wani wurin. Akwai ƙuma, baƙaƙen nan da ke kafewa tsamo-tsamo a gefen ido da zanko da haɓa, ba sa motsi. Su ƙwansu ƙasa yake faɗawa, a cikin dattin akurki tsutsarsu ke girma. Akwai wasu mitsi-mitsin ƙwari, jajaye in sun sha jini, masu wuni a tsagar katako da laka, da dare su fito su sha su koma. Suna iya yin watanni ba su ci komai ba, kuma cikin mako ɗaya suke cika zagayen rayuwarsu in akwai zafi. Akwai kuma kaskar kaji, mai ɓuya a bango da ɓawon itacen da kaji ke kwana a kai, wadda kan yi fiye da shekara ba ta sha jini ba kuma ba ta mutu ba. Gwajin mai sauƙi ne: da dare a goga farin tsumma a ƙarƙashin sandar kwana. In an ga jirwayen jini, masu ɓuya ne. Haka in kaji sun fara ƙin shiga akurki da yamma, ko mai kwanci ta tashi ta bar ƙwai, ko wanda ya shiga ɗauko ƙwai ya fito yana susa. Wannan ba aikin ƙwarƙwata ba ne.

Toka da 'yan uwanta

Toka ta kowa ce, ba a saye, kuma ba camfi ba ne. Kaza da kanta ta san amfanin birgima a busasshiyar ƙasa. Ƙura mai laushi tana shanye maiƙon da ya lulluɓe jikin ƙwaro, ruwan jikinsa ya ƙafe, ya mutu. Tun da ba guba ba ce, ba a jiran kwanaki kafin a ci ƙwai, kuma yaro na iya taɓa kazar ba fargaba.

Amma toka tana da iyaka, kuma an auna irin wannan iyakar. A 2012 masana a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka suka fitar da sakamakon wani gwaji, inda suka ajiye wa kaji akwatunan yashi gauraye da farar ƙasa, wasu da wata hodar ƙasa mai kaifi, wasu da farar wuta. Kajin da suka shiga suka yi birgima, cikin mako ɗaya ƙwarinsu ya ragu da kashi 80 zuwa 100 cikin 100. Waɗanda ba su shiga ba, farar ƙasa da hodar nan ba su yi musu komai ba, kuma da aka ɗauke akwatunan waɗannan biyun sai ƙwarin suka dawo. Ba toka suka gwada ba, amma hanyar aikin ɗaya ce, kuma wannan ya bayyana abin da muke gani a gidajenmu. Wata ta rantse toka ta ishe ta, wata ta ce ba ta ga amfaninta ba, kuma duk gaskiya suka faɗa. Toka tana yi wa kazar da ke wanka da ita aiki, muddin tana nan kullum. Mai kwanci da ta kafe a kan ƙwai kwana 21, da marar lafiya da ta takure a lungu, da zakaran da hankalinsa na kan tsaron mata, su ne ba sa samun rabonsu, kuma su ne ke sake raba wa sauran.

Yadda na fi ganin tana aiki shi ne a samu tsohuwar taya ko fasasshen baho, a zuba yashi mai laushi kashi biyu, toka kashi ɗaya, zurfin kamar taƙi guda, a ajiye ƙarƙashin rumfa inda ruwa ba ya taɓawa. Tokar ta zama ta itace ko ta kara, wadda ta huce sarai, an tankaɗe ta da rariya. Tokar bola da aka ƙona leda da batir da roba a ciki ba ta shiga wannan lissafi. Kuma kada a bari ta jiƙe. Duk mai girki ta san ƙarfin ruwan toka, tun da har madadin kanwa ake yi da shi. Jiƙaƙƙiyar toka in ta daɗe a fatar da dama ta yi rauni, ƙona ta take yi. A nan raunin toka yake a ƙasarmu. Da rani, daga Maris zuwa Mayu, ƙasa a bushe take ƙamas, kaji na yi wa kansu rabin aikin. Da ruwa ya zauna a Yuli da Agusta, musamman garuruwan bakin fadama, kaza sai ta wuni ba ta samu busasshen wuri ba. Tayar nan ta ƙarƙashin rumfa da damina take biyan wahalarta.

Farar wuta ta fi toka ƙarfi nesa. A gwajin nan da na ambata, ita kaɗai ce ta share wani irin mitsi-mitsin ƙwari mai zama a cikin gashi har daga jikin kajin da ba su shiga akwatin ba, cikin mako 2 zuwa 4. Ana samunta wurin masu kayan gargajiya. A daka ta lukui, a barbaɗa kaɗan cikin yashin wankan a cuɗa. Tana sa ido raɗaɗi, kuma tana kama wuta, saboda haka a nisanta ta da murhu, a kuma wanke hannu bayan an taɓa.

Dogon yaro kuwa, ina girmama shi amma ba na ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Sinadarin da ke cikinsa yana hana ƙwaro cin abinci da saɓa, kuma ya fi yawa a ƙwallon 'ya'yan, ba a ganye ba. Ruwan dafaffen ganye da ake yi wa kaza wanka da shi yana ragewa, musamman in an haɗa da ɗan sabulu, amma yau ya yi ƙarfi gobe ya yi salam, ba ma'auni. Wankan kansa ma yana da sharaɗi: da hantsi, ranar da ake rana sosai, don ta bushe kafin yamma. Da hunturu ba a jiƙa kaza, 'yan tsaki kuwa ko da bazara ba a tsoma su. Inda na fi son dogon yaro shi ne busasshen ganyensa a shimfiɗar wurin kwanci. Ganyen taba ma ana sa shi haka tun zamanin kakanni, sai dai ruwan taba guba ne mai shiga ta fata, kada a yi wa kaza wanka da shi.

Hodar kanti

In an buɗe gashi an ga ƙwarƙwata na kai da kawo, ga curin ƙwai a gindin gashi, an wuce matakin toka. A nan ni hoda nake zaɓa, kuma ba na jin nauyin faɗa. Wadda aka fi sani tana ɗauke da sinadarin fametirin; shi da danginsa, a jikin kwali sunansu da "thrin" yake ƙarewa. Yana taɓa jijiyoyin ƙwaro ya kashe shi cikin sa'o'i, kuma bai cika illa ga kaza ba in an bi ƙa'ida. Ba ta bukatar ruwa, saboda haka ko da sanyi ana sa ta. Ba ta kuma bukatar yawa. Irin mai ƙarfin kashi 0.25 cikin 100 da aka yi domin kaji, kimanin giram 450 ake ƙiyasta wa kaji 100, wato giram 4 zuwa 5 kowace kaza, abin da bai wuce ƙaramin cokali ɗaya ko biyu ba.

Ga yadda ake yi ba ɓarna. A zuba hodar cikin tsohuwar safa a ƙulle bakin. Da dare, mutum ɗaya ya riƙe kaza, ɗayan ya buɗa gashi yana bubbuga safar a kewayen dubura, ƙarƙashin fukafukai, ƙirji da bayan wuya, yana murzawa da yatsu har ta kai fata. Hodar da ta tsaya a saman gashi ado ce kawai. A kiyaye ido da baki da hancin kaza, shi ma mai sawa ya rufe nasa hancin, a yi a fili ba cikin ɗaki ba. Gashin da ƙwai ya yi wa dunƙule a datse shi da almakashi daf da gindi a jefa wuta; datsewa ta fi tsigewa, domin in an tsige sabon gashi mai jini ne zai tsiro, abin da ƙwarƙwata ke so ke nan. Kuma a yi wa kowa a dare ɗaya: kaji, zakaru, zabbi, talo-talo. In an bar guda, an bar iri. Wanda ya yi daren Juma'a, ya sake daren Juma'a mai zuwa, sannan ya duba a ta uku.

Matsalar hoda a wurin saye take. Akwai ta gida da aka yi domin kyankyaso da tururuwa, danginsu ɗaya amma ƙarfinsu ba ɗaya ba, kuma ba a rubuta komai game da ƙwai ko nama a jikinta ba. Akwai kuma wadda ake ƙullawa a leda ba suna ba lamba. Gara a je shagon maganin dabbobi a yi tambaya kai tsaye: "Malam, an rubuta kaji a jikin wannan? Kwana nawa zan jira kafin mu ci ƙwai ko mu yanka? Ina lambar NAFDAC?" Mai shagon da ya san aikinsa ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, zai ma juya kwalin ya karanta. Abu ɗaya kuma da ya shafe mu musamman, mu da muke zaune da ruwa: fametirin guba ne mai tsanani ga kifi. Kada a wanke kayan aiki a gulbi ko kusa da tafkin kiwon kifi. Kyanwa ma yana kashe ta, a hana ta kusantar wurin.

Maganin ruwa na feshi, irin su saifametirin da deltametirin, wurinsa daban. Ga ƙwarƙwata kaɗai ba lallai ba ne. Amma in farin tsumman nan ya nuna jini, ko an ga kaska, to shi ne gaba, kuma bango da sanda ake yi wa, ana cusa shi cikin kowace tsaga bayan an fitar da kaji an kwashe shara an ƙona. A nan ma sai an maimaita bayan mako. Abin da nake tsoro a kansa shi ne awo. Mutum ya ɗauko ragowar wanda ya fesa wa wake ko shinkafa, ya auna da murfi, ya ƙara wani murfin don ya fi ci, ya tsoma kaza. Na gona an haɗa shi domin ganye, ba domin fatar dabba ba. Ko sunan sinadarin ɗaya ne, a sayi wanda aka yi domin dabbobi, a auna da sirinji yadda aka rubuta.

Allurar shanu

Aibamektin, wanda makiyaya suka fi sani da Ivomec, magani ne na gaske, shanu da tumaki da awaki suna amfana da shi. Wannan suna da ya yi ne ke sa ake ɗiga wa kaji shi a wuya ko a ruwan sha. Ga ƙwarƙwata kam, shi na sa a ƙarshen layi. Ta cikin jini yake zagayawa, ya jira ƙwaro ya tsotsa; ita kuwa ƙwarƙwatar kaza mafi yawan cinta gashi ne da ɓawon fata, saboda haka sakamakon ba shi da tabbas. Sannan an tsara awonsa ne ga dabba mai nauyin kilo da yawa, kazar gida kuwa da ƙyar take wuce kilo ɗaya da rabi, awo da ka na iya zama wuce gona da iri. Babban abin dai shi ne yana taruwa a gwaiduwar ƙwai na kwanaki, kuma ba a yi masa rajista domin kaji masu ƙwai ba. Ƙwan nan yara ake dafa wa. In likitan dabbobi ya duba ya ga akwai dalilin ba da shi, shi zai auna, ya kuma faɗi tsawon lokacin da za a zubar da ƙwai. In ba haka ba, an biya kuɗi fiye da na hoda, an samu aiki ƙasa da nata, an kuma yi asarar ƙwai.

Sauran kuwa ba sa cikin zaɓi ma, kuma a nan ba ni da sassauci. Fiya-fiya da Sniper da duk mai ɗauke da haruffan DDVP suna kashe ƙwarƙwata, gaskiya ne, amma ta fata da numfashi suke shiga jikin kaza da na mai shafawa. Dalala, rawar jiki, numfashi da ƙyar, waɗannan su ne alamun, a kaza da mutum duka. Na kwalbar noma mai kauri ne ƙwarai, wanda ake haɗawa a lungu kuwa ko mai sayarwa bai san ƙarfinsa ba. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kasuwanni da manyan shaguna saboda rayukan da ake rasawa ta dalilinsa. Akurkin da yake jikin ɗakin da yara ke kwana ba wurin wannan ba ne. Kananzir yana ƙona fata, yana kashe 'yan tsaki, kuma in mai kwanci ta goga shi a ƙwai, ya toshe ƙofofin numfashin ɓawon, ɗan ciki ya mutu. Baƙin man inji haka, ga dattin ƙarfe a ciki. Ƙwallon kafur da ake jefawa a wurin kwanci warinsa na shiga ƙwai, kaza kuma na iya tsattsagarsa. Maganin ƙumar karnuka mai sinadarin fifronil shi ma a bar wa karnuka; a 2017 sai da aka kwashe miliyoyin ƙwai daga shagunan Holan da Beljiyam da Jamus saboda an fesa shi a gonakin kaji.

Wa zai ɗauki wanne

Mai kaji biyar ko goma masu yawo a tsakar gida, da ta duba ta ga ɗaya-ɗaya suna gudu amma ba curin ƙwai, toka da yashi da ɗan farar wuta sun ishe ta, ta riƙa dubawa duk mako biyu. Wadda ta ga curi, ko gashi ya fara zuba, ta sayi hoda ta yi sau biyu, sannan ta koma ga toka don kada su dawo. Toka da hoda ba kishiyoyi ba ne, kowace da lokacinta.

Mai kwanci ita ce ta fi bukatar a yi mata tunani tun da wuri. Wata dattijuwa a unguwarmu, da zarar ta ga kaza ta fara kumbura gashi tana ƙin tashi daga kwando, kafin ta jera mata ƙwai sai ta kwashe tsohuwar shimfiɗa ta ƙona, ta zuba tankaɗaɗɗiyar toka a ƙasan kwandon, ta rufe da sabuwar ciyawa da busasshen ganyen dogon yaro, ta kama kazar ta murza mata toka har fata. Takan ce wa matan gidan, "Ɗiyata, kwana ashirin da ɗaya za ta yi ba wanka, in ba ki yi mata ba wa zai yi mata?" In akwai ƙwarƙwata sosai, hoda za a sa a madadin tokar jiki, a farkon kwanci da kuma bayan mako, don a gama da abin tun kafin ƙyanƙyasa. Dalili kuwa, akwai irin da ke zama a kai da wuya, wadda kan sauka daga uwa zuwa 'yan tsaki a kwanakin farko, ta hana su barci da ci har su mutu. Su 'yan tsakin ba a yi musu hoda barkatai. In an ga abin a kansu, a lakato man gyaɗa ko man kaɗanya kaɗan a shafa a kan da ƙarƙashin haɓa, kaɗan ƙwarai, kada gashin ya jiƙe sanyi ya kama su. Wannan man, ko basilin, shi ne kuma maganin ƙuma da suka kafe a gefen ido: a lulluɓe su da shi, numfashinsu ya toshe, a share ƙasan akurki a ƙona sharar, in ba haka ba wasu na tafe.

Mai shirin yanka ko kai kaji kasuwa gab da Salla ya lissafa kwanakin jiran da aka rubuta a kwali. In lokaci ya ƙure, toka da almakashi kawai.

Akurkin kansa yana shiga lissafi, ko da yake ya fi shafar masu ɓuya. Na laka yana da sanyi da rani, amma yana tsagewa. A riƙa yi masa sabon yaɓe ana toshe tsagogin, a shafe da farar ƙasa. Kwando da zana suna da maɓoya ba iyaka, sai dai suna da sauƙin fitarwa: a kwara musu tafasasshen ruwa a shanya a ranar Afrilu, in sun tsufa a ƙona. Babbaka da wuta a cikin gida mai zana da rumbu kusa, kasada ce da ba ta kai ba. Sandar kwana ta zama mai santsi, marar ɓawo, wadda ake iya cirewa. Ɓuntun shinkafa, da Allah ya hore mana shi a Kebbi, shimfiɗa ce mai kyau muddin a bushe yake kuma ana canjawa. Tattabarun da ke sheƙa a saman akurki a raba musu wuri, suna kawo kaska da mitsi-mitsin nan. In kuma an ga kaska, sannan kaza ta kama zazzaɓi, ta takure tana koren zawo, to kaskar ta sa mata cuta a jini, wannan sai likitan dabbobi, ba hoda ba toka.

Ƙofar da ƙwarƙwata ta fi shigowa ita ce sabuwar kaza: wadda aka sayo a Jega ko Kamba bayan ta wuni a kwando ɗaya da wasu ashirin, da wadda aka kawo kyauta daga ƙauye, da zakaran aro. A duba ta a ranar da ta zo, a sa mata hoda, a kife ta a wani kwando nesa da sauran na mako biyu, a maimaita hodar a tsakiya kafin a sake ta. Wannan killacewa tana kuma ba da damar ganin ko tana ɗauke da wata cutar. A ƙara kula da tsofaffin kajin gidan gona da ake sayarwa in sun gama ƙwai, waɗanda aka datse wa baki tun suna ƙanana. Da tsinin baki kaza ke tsince ƙwari daga gashinta, mai guntun baki ba ta iyawa sosai, shi ya sa ƙwarƙwata ta fi taruwa a jikin irinsu. Su a riƙa duba su duk mako, ko da sauran kajin gidan lafiya lau suke.